Labarin Taro, Garin Da Aka Shafe Daga Littafin Gwamnati

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa a makarantun ƙauye, an ba ni aji shida in koya musu labarin ƙasa. Wata rana muna zancen kufai, watau wurin da gari ya taɓa zama sa'an nan mutane suka watse, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gari yana iya mutuwa alhali mutanensa suna ciki?" Yara suka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, na ce masa a'a, muka ci gaba da darasi.

Da na koma masauki sai tambayar nan ta hana ni sakat. Bayan mun komo kwaleji na yi ta karatu a kanta, har na gane amsar da na ba yaron ba ta cika ba. Akwai ƙasar da garuruwa fiye da dubu suka ɓace daga littafin gwamnati cikin shekara goma sha ɗaya kawai, ba yaƙi, ba annoba, mutane kuwa suna zaune cikin gidajensu. Wannan ƙasa ita ce Japan. Zan ɗauki gari guda daga cikinsu in ba ku labarinsa, gama ta wurin gari ɗaya an fi gane al'amarin. Sunansa Taro. Kada ku zaci taron jama'a na ke nufi, ko taron nan kwabo uku da kakanninmu suka kashe a kasuwa. Sunan Japananci ne, faɗarsa ce ta zo daidai da tamu.

INDA TARO YA KE

Japan tsibirai ce, mafi girma a cikinsu shi ne Honshu. In ka duba taswira, ka bi gaɓar Honshu ta gabas ka yi arewa, za ka iske lardin da a ke kira Iwate. Gaɓar tekun wannan yanki sunanta Sanriku, tana fuskantar babban tekun Pasifik. Ƙasa ce ta duwatsu, tuddai suna gangarowa har bakin ruwa. Nan da can teku ya kan kutsa tsakanin tuddai ya yi lungu, a ƙarshen lungun kuma a kan sami ɗan fili. Cikin irin wannan fili ne Taro ya ke, kimanin mil goma arewa da birnin Miyako.

Babbar sana'ar mutanen Taro su ce. Suna kama kifi, suna ciro wani irin dodon koɗi na teku mai tsada, suna kuma noman ganyen teku da su ke kira wakame, wanda a ke shuka shi jikin igiyoyi cikin ruwa, a yi miya da shi. A dā akwai ramin haƙar ma'adinai cikin tuddan bayan gari, wanda ya tara ma'aikata da iyalansu, amma an rufe shi a 1971. An kafa Taro a matsayin ƙauye mai mulkin kansa a 1889, aka ɗaga shi ya zama gari a 1944. Ran 6 ga Yuni, 2005, aka rushe shi a doka, aka haɗa shi da birnin Miyako da wani ƙauye mai suna Niisato. A lokacin mutanensa ba su kai dubu biyar ba.

GARI DA TEKU

Kafin mu zo kan haɗewar, tilas mu san abin da ya sa sunan ɗan ƙaramin garin nan ya kai ko'ina cikin Japan. Can cikin teku, gabas da Sanriku, akwai wani rami mai zurfi ƙwarai inda ɓawon ƙasa guda ya ke nutsewa ƙarƙashin wani. In wurin ya motsa farat ɗaya, sai ƙasan teku ya ɗaga ruwan da ke kansa duka. Wannan ruwa ya kan taho da gudu irin na jirgin sama muddin yana wuri mai zurfi. Sa'ad da ya iso gaɓa gudunsa ya kan ragu, amma sai ya taru ya yi tsawo, musamman in ya shiga lungu mai ƙunci. Shi ne Japanawa su ke kira tsunami, duniya duka kuma ta ari kalmar.

Ran 15 ga Yuni, 1896, da almuru, ƙasa ta yi girgiza kaɗan, har mutane ba su kula ba. Bayan kamar rabin sa'a sai ruwa ya auko. A gaɓar Sanriku duka mutum wajen 22,000 suka halaka, a Taro kaɗai 1,859. Waɗanda suka ragu suka sake gini a wuri ɗaya. Bayan shekara 37, ran 3 ga Maris, 1933, da tsakar dare cikin tsananin sanyi, ruwa ya komo. A wannan karo mutum wajen 3,000 suka mutu a yankin, 911 daga cikinsu 'yan Taro ne.

Gwamnati ta ba ƙauyukan bakin teku shawara su tashi su koma kan tudu. Amma Taro ba shi da filin tudu da zai ɗauki gidajensa duka, masu su kuma ba su so su yi nisa da jiragensu. Shugaban ƙauyen na lokacin, Sekiguchi Matsutaro, da majalisarsa suka yanke shawara su gina ganuwa tsakaninsu da teku. Suka ci bashi suka soma aiki a 1934 da ƙarfin kansu, daga baya gwamnatin lardi da ta ƙasa suka ɗauki nauyin kuɗin. Yaƙi ya tsai da aikin a 1940. Sai a 1958 aka gama kashi na fari, mai tsawon mita 1,350. Aka yi ta ƙari har wajen 1979, ganuwa ta kai mita 2,433, watau kamar mil ɗaya da rabi. Bisanta mita 10 ne daga fuskar teku, wajen ƙafa 33 ke nan. In an dube ta daga sama, kamanninta kamar alamar sau ce da mu ke rubutawa a lissafi. Mutane suka riƙa kwatanta ta da babbar ganuwar ƙasar Sin.

Ba ganuwa kaɗai suka yi ba. Sun sake shata titunan gari a miƙe, ko wane titi ya nufi tudu. Sun yanke kusurwoyin mararraba domin mai gudu ya hango abin da ke gabansa, kada mutane su yi karo cikin duhu. Ko wace shekara ran 3 ga Maris a kan yi gwajin gudu. A 1960, sa'ad da girgizar ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu ta aiko da ruwa har Japan, mutane sun mutu a waɗansu garuruwan Sanriku, amma ba wanda ya mutu a Taro. Daga nan baƙi suka riƙa zuwa ganin ganuwa, har daga ƙasashen waje. A 2003, da cikar shekara 70 da masifar 1933, garin ya yi shela cewa shi gari ne na tsaron kai daga tsunami. Ku lura fa, ƙaramar majalisa ce ta ƙauye ta soma wannan duka. Bayan shelar da shekara biyu majalisar ta daina zama.

YADDA JAPAN TA KE RABA ƘASARTA

Japan tana da larduna 47, ko wanne da gwamnansa zaɓaɓɓe. Ƙarƙashin larduna akwai ƙananan hukumomi iri uku, watau birni, da gari, da ƙauye. Da harshensu su ne shi, da machi, da mura. Gari ba ya ƙarƙashin birni, ƙauye kuma ba ya ƙarƙashin gari. Ko wanne yana da shugabansa da majalisarsa da baitulmalinsa, yana karɓar haraji, yana rubuta haihuwa da mutuwa, yana kula da ruwan sha, da hanyoyi, da kashe gobara, da tsofaffi, da makarantu. Saboda haka in an ce an rushe gari, ba gidaje a ke nufi ba. Hukumarsa ce a ke sokewa.

Sau uku Japan ta yi babban aikin haɗa ƙananan hukumomi. Abin da ya ba ni mamaki, ni mai koyon malanta, shi ne biyu na fari duka makaranta tana cikin manyan dalilansu.

Na fari an yi shi a 1889, zamanin Sarki Meiji. A 1888 akwai garuruwa da ƙauyuka 71,314, galibinsu ƙanana ƙwarai. Gwamnati tana so ko wane wuri ya iya riƙe makarantar elementare, ya tara haraji, ya ajiye littafin sunayen jama'a. Aka ga sai gida 300 zuwa 500 sun haɗu za su iya. Cikin shekara guda adadin ya sauko zuwa 15,859. Taro kansa a wannan shekara aka haife shi, daga haɗuwar ƙauyuka ƙanana na wannan gaɓa.

Na biyu ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 aka yi doka cewa ko wane yaro tilas ya yi shekara tara a makaranta, shida a elementare, uku a ƙaramar sakandare. Gina ƙaramar sakandare da riƙe ta aka ɗora wa ƙananan hukumomi. Aka lissafta aka ga sai wuri yana da mutum wajen 8,000 zai iya ɗaukar wannan kaya. Aka yi dokar haɗewa a 1953, lokacin akwai hukumomi 9,868. Zuwa 1961 sun koma 3,472.

Na uku shi ne wanda ya ci Taro. An soma shi a 1999 da hukumomi 3,232, aka rufe shi a ƙarshen Maris, 2010, da 1,727. Bayan haka an yi 'yan kaɗan, adadin ya tsaya a 1,718 tun 2014. A lardin Iwate kaɗai, hukumomi 59 suka koma 33.

DALILIN HAƊEWA TA UKU

A karo na fari da na biyu yara ne suka yi yawa, ana neman wanda zai gina musu aji. A karo na uku kuwa yaran ne suka yi ƙaranci. Haihuwa ta ragu ƙwarai a Japan, mutane kuma suna daɗewa a duniya. Yawan jama'ar ƙasar ya kai ƙololuwarsa a 2008, wajen miliyan 128, daga nan ya soma sauka. Amma ƙauyuka sun riga birane jin wannan da shekaru masu yawa, gama samari da 'yammata suna gama makaranta su kan tafi Tokyo ko Sendai neman aiki, ba su komowa. A Taro, tun da aka rufe ramin ma'adinai jama'a su ke raguwa.

To, ku duba yadda lissafin ya ke. Masu biyan haraji suna raguwa, tsofaffi masu bukatar magani da kulawa suna ƙaruwa. Hanya kuwa tsawonta bai ragu ba, bututun ruwa ma haka, ofis kuma sai an biya ma'aikatansa. Ƙananan garuruwa da yawa harajinsu ba ya ɗaukar ko rabin abin da su ke kashewa. Sauran daga Tokyo ya ke zuwa, ta wani kaso da gwamnatin ƙasa ta ke raba wa hukumomi marasa ƙarfi. Ita gwamnatin ƙasa kuwa bashi ya yi mata katutu tun da arzikin ƙasar ya tsaya cikin shekarun 1990.

Gwamnati ba ta tilasta wa kowa da doka ba, amma ta riƙe zuma a hannu guda, bulala a ɗaya hannun. Zumar ita ce, duk hukumomin da suka haɗu za a bar musu kasonsu na dā har shekara goma, kamar ba su haɗu ba. Za a kuma yarda su ci wani rance na musamman domin gina hanyoyi da makarantu da ofisoshi, gwamnatin ƙasa ta biya musu kashi 70 cikin 100. Bulalar kuwa, a zamanin Firayim Minista Koizumi, musamman daga 2004, aka zaftare kason da a ke rabawa. Aka kuma sa wa'adi: mai son zuma ya kai takardarsa kafin ƙarshen Maris, 2005, ya gama haɗewa kafin ƙarshen Maris, 2006. Wannan ya sa garuruwa suka yi ta rububi cikin shekarun nan biyu.

Ga yadda a ke yin abin. Hukumomin da ke son haɗuwa su kan kafa kwamiti su daidaita a kan suna, da inda babban ofis zai zauna, da yadda za a yi da dukiya da bashi. Sa'an nan majalisar ko wannensu ta jefa ƙuri'a. In duk sun yarda, sai a kai wa majalisar lardi, gwamna ya zartar, ministan harkokin cikin gida ya yi sanarwa. Haɗewar iri biyu ce. Wani lokaci babba ya kan haɗiye ƙarami. Wani lokaci kuma a kan soke su duka a kafa sabuwar hukuma. Ta Taro iri na biyu ce, gama a doka har tsohon birnin Miyako an soke shi, aka kafa sabo. Amma sunan da aka ba sabon birnin Miyako ne, babban ofis kuma a Miyako ya zauna. A farkon 2010 aka ƙara masa ƙauyen Kawai, ya zama birni mafi faɗin ƙasa a lardin Iwate.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani gari mai suna Yamatsuri, a lardin Fukushima, majalisarsa ta yi shela a 2001 cewa ba za ta haɗu da kowa ba. Ta rage ma'aikata da kuɗin da a ke kashewa, ta ci gaba da zamanta. Watau akwai wata hanya, amma mai bin ta sai ya ɗaure ciki.

ABIN DA AKA RASA DA ABIN DA YA SAURA

Wanda ya kwana a Taro ran 5 ga Yuni, 2005, ya tashi ran 6, ba zai ga wani abu ya sake ba. Jirage sun fita su, yara sun tafi makaranta, jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Taro kamar kullum. Sunan ma bai ɓace daga bakin mutane ba, har a kan wasiƙa a kan rubuta birnin Miyako, sa'an nan Taro. Amma abu uku sun tafi. Babu sauran shugaban gari wanda 'yan Taro kaɗai suka zaɓa. Babu sauran majalisar da ba ta da wani zance sai na Taro. Babu kuma sauran baitulmalin da za su buɗe da shawarar kansu. Tsohon ofishin gari ya zama reshe, mutanen Taro kuma suka zama kamar kashi ɗaya cikin goma sha biyu ko sha uku na jama'ar sabon birni.

Masu goyon bayan haɗewa suna da hujja mai ƙarfi. Ƙaramar hukuma ba ta iya ɗaukar injiniya ko ma'aikaciyar lafiya ƙwararriya, sai akawu guda ya riƙe aiki uku. In an haɗu a kan rage shugabanni da 'yan majalisa, kuɗin ya tafi ga aiki. Masu suka su ma suna da tasu. Sun ce tsakiyar birni ta kan ci gaba, gefe ya bushe, gama in ofis ya ragu, masu sayar wa ma'aikatansa abinci da kaya su ma sun rasa ciniki. Sun ce kuma ma'aikacin da aka turo daga nesa bai san wace tsohuwa ce ta ke kwana ita kaɗai ba, ko wace hanya ce ta ke kaiwa tudu.

RAN 11 GA MARIS, 2011

Ba a cika shekara shida da haɗewa ba sai aka gwada wurin. Ran 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, aka yi girgizar ƙasa mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Japan, mai maki 9. Bayan kamar minti 40 ruwa ya iso Taro. Ya fi ganuwa tsawo nesa ba kusa ba. Ya haura ta, ya farfasa wani sashe na reshen da ke wajen teku, ya share tsakiyar gari. Daga cikin mutum wajen 4,400, kimanin 180 suka mutu ko suka ɓace. A ƙasar duka, waɗanda suka mutu da waɗanda ba a gani ba sun wuce 18,000.

An yi ta muhawara a kan ganuwar. Waɗansu sun ce ta sa mutane sun saki jiki, ta kuma tsare musu ganin teku. Waɗansu sun ce ta jinkirta ruwa, ta ba masu gudu 'yan mintoci. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, waɗanda suka bi titunan nan miƙaƙƙu suka hau tudu da wuri sun tsira. In ka gwada 1,859 da 911 da 180, za ka ga wahalar shekara 78 ba ta tafi banza ba, ko da ya ke rai ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne.

Game da haɗewa kuwa, ba daidai ba ne a ce ita ta jawo hasarar, gama ruwa bai san iyakar hukuma ba. A ran nan babban ofishin birnin Miyako shi kansa ruwa ya shige shi, hanyoyi suka yanke, waya ta mutu. Mutanen Taro da ma'aikatan reshensu su suka ɗauki nauyin kansu a kwanakin fari. Daga baya kuma girman birnin ya yi amfani, domin yana da yankunan tudu da ruwa bai taɓa ba, da ma'aikatan da za su bi takardun sake gini. An sare tudun da ke bayan gari aka yi sabuwar unguwa, watau shawarar da aka kasa bi a 1933 ita aka bi a ƙarshe. An gina sabuwar ganuwa mai bisa mita 14.7. An bar wani otal mai hawa shida yadda ruwa ya bar shi, hawa biyu na ƙasa ba kome sai ƙarafa, domin masu zuwa su gani. Amma mutane da yawa da suka tashi ba su komo ba. Bayan shekara goma jama'ar Taro ta ragu zuwa wajen dubu uku.

MU DA SU

Mu a Nijeriya hanyarmu dabam ce. A gyaran 1976 an yi ƙananan hukumomi 301, yanzu tsarin mulkin 1999 ya lissafta 774, har yanzu kuma jama'a suna neman ƙari. Mu muna rabawa, su suna haɗawa. Dalili a fili ya ke, gama mu yara ne suka yi mana yawa, su kuwa tsofaffi. Amma ku lura da wannan: duk da haɗewar da suka yi sau uku, ƙananan hukumominsu sun ninka namu fiye da sau biyu, alhali mun fi su yawan jama'a nesa. Tambayar da ke gabanmu da su ɗaya ce. In hukuma ta yi ƙanƙanta ba ta da ƙarfin yin aiki, in ta yi girma kuma ba ta jin muryar talaka. Inda za a tsaya tsakanin biyun nan shi ne wuyar.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye, mu masu shirin riƙe alli. Wata mace 'yar Taro, Tabata Yoshi, tana da shekara takwas sa'ad da ruwan 1933 ya zo. Da ta tsufa, a 1979, ta zana hotunan abin da ta gani a kan manyan takardu domin jikokinta. Daga nan ta yi shekara talatin da wani abu tana zagaya makarantu, tana ɗaga hoto tana ba yara labari. Ta tsira a 2011 kuma. Har wa yau mutanen Sanriku suna da wata koyarwa da su ke kira tendenko, ma'anarta in ƙasa ta girgiza kowa ya ruga tudu da kansa, kada ya koma neman wani. Da fari abin ya yi mini kama da rashin tausayi. Da na yi tunani sai na ga amana ce. Uwa ba za ta koma makaranta neman ɗanta ruwa ya cinye ta ba, in ta tabbata malaminsa ya riga ya koya masa gudu. A wani taro da aka yi a garin Taro a 1990 ne wannan kalma ta soma bazuwa cikin ƙasar.

Wannan ilimi ba ya cikin baitulmali, saboda haka ba a kai shi Miyako ba. Yana bakin tsofaffi da malamai, ta wurinsu ya ke shiga kunnen yara. Hukuma tana iya sake suna, iyaka tana iya matsawa, a kai hedkwata wani wuri. Da yawa daga cikinmu mun fito daga ƙauyukan da aka sha mai da su daga wannan gunduma zuwa waccan. Amma wanda zai gaya wa yaro inda rafi ya kan kai in ya yi ambaliya, da dalilin da ya sa kakanninsa suka zauna kan dutse, da shekarar da suka sauko, sau da yawa ba kowa ba ne sai malamin aji. In mun je inda aka tura mu, ya kamata mu zauna da dattawan wurin mu tambaye su, mu rubuta, mu koya wa yara tare da labarin ƙasashen nesa.

In Allah ya sa na sake komawa makarantar nan, zan nemi yaron da ya yi mini tambaya in gyara amsata. Zan ce masa, i, ana iya soke gari a takarda alhali mutanensa suna ciki, an kuwa yi wa Taro haka ran 6 ga Yuni, 2005. Amma ba ya zama kufai sai ran da aka rasa mai ba da labarinsa. Sa'an nan zan ba shi aikin gida, ya je wurin kakarsa ya tambayo mana yadda aka kafa garinsu, ya zo ya karanta wa aji.